Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi: Rikicin Buɗaɗɗiyar Manhaja da Masu Hayar Kwamfuta

Ranar 20 ga Maris na 2024, kamfanin Redis ya sanar da cewa ya canza lasisin manhajarsa. Redis tana cikin manhajojin da intanet ke tafiya a kansu ba tare da jama'a sun san da su ba. Ita ce ke riƙe bayanan da ake buƙata da gaggawa, domin shafi ya buɗe nan take, ko mai sayayya ya tarar da kayan da ya zaɓa suna jiransa. Wani ɗan Italiya mai suna Salvatore Sanfilippo ne ya fara rubuta ta a 2009, ya sake ta ga duniya bisa lasisin da ya yarje wa kowa ya ɗauka, ya gyara, har ya sayar. Shekara 15 ana haka, mutane daga ƙasashe daban-daban suna zuba mata gudummawa. Sai kamfanin da ya mallaki sunanta ya ce daga yanzu duk mai son ya ɗora ta a kan kwamfutocinsa ya sayar wa jama'a hidimarta, to ya zo a yi ciniki tukuna.

Ba a cika kwana goma ba Gidauniyar Linux ta sanar da wata sabuwar manhaja mai suna Valkey. An ɗauki rubutun Redis na ƙarshe da ya fita kafin canjin, aka ci gaba da gina shi a ƙarƙashin tsohon lasisi, da goyon bayan Amazon da Google da Oracle. Bayan wata 13 da 'yan kwanaki, a farkon Mayun 2025, Redis ta dawo ta ƙara wani buɗaɗɗen lasisi cikin waɗanda mutum zai iya zaɓa. Amma kafin nan kasuwa ta rabu biyu, kuma har yau ba ta sake haɗuwa ba.

Wannan rikici shi ne hoton halin da masana'antar manhaja ke ciki. Buɗaɗɗiyar manhaja ta ci nasarar da ko masu fafutukarta na farko ba su yi tsammani ba, amma kuɗin ya koma hannun waɗanda suka mallaki manyan gidajen kwamfuta suna ba da su haya. Ra'ayina shi ne rufe ƙofa da canza lasisi ba zai dawo da kuɗin ba. Gyaran yana wurin tilasta wa masu cin moriyar aikin su ɗauki nauyin masu yin sa, da kuma tabbatar wa ɗan haya 'yancin kwashe kayansa ya fita duk ranar da ya ga dama.

Yadda kyauta ta ci kasuwa

A 1983 wani masanin kwamfuta na Amurka, Richard Stallman, ya sanar da shirin GNU. Ƙorafinsa shi ne kamfanoni suna sayar wa mutum manhaja su ɓoye masa rubutun da aka gina ta da shi, ta yadda ko ta lalace ba shi da ikon gyarawa, kuma in ya ba maƙwabcinsa ya zama mai laifi. A 1989 ya fito da lasisin GPL, wanda ya ce kowa na da damar amfani da manhaja da nazarinta da gyara ta da rarraba ta, bisa sharaɗi guda: duk wanda ya rarraba abin da ya gyara, dole ya bayar da rubutun gyaran bisa waɗannan sharuɗɗa. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, daga baya ya ɗora ta a kan wannan lasisi.

Manyan 'yan kasuwa sun fara da raini, sannan suka koma tsoro. A 2001 shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya kwatanta Linux da cutar daji. A 2018 kamfanin nan dai ya biya dala biliyan 7.5 ya sayi GitHub, babban dandalin da masu rubuta buɗaɗɗiyar manhaja ke ajiye aikinsu. Shekara guda bayan haka IBM ya kammala sayen Red Hat a kan dala biliyan 34. Red Hat kuwa kamfani ne da ya yi arziki da tallafa wa masu amfani da Linux, kuma tun 2012 ya zama irinsa na farko da cinikinsa na shekara ya kai dala biliyan ɗaya. Yau duk wayar Android da ke aljihun mutane a kan Linux take tafiya, kuma tun ƙarshen 2017 kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk da ita suke aiki.

Dalilin nasarar a fili yake. Babu kamfanin da zai iya ɗaukar ma'aikatan da suka kai yawan masu sa ido a kan manhajar da kowa ke iya karantawa. Ƙaramin kamfani da aka kafa jiya yana samun tubalan da da can sai mai miliyoyi. Manyan kuma sun gane cewa raba kuɗin gina harsashi ya fi musu sauƙi, su bar gasa ga abin da za a ɗora a samansa.

Daga saye zuwa haya

A daidai wannan lokaci wani canji na gudana a gefe. Da can mutum kan sayi manhaja a faifai, ya saka a kwamfutarsa, ya yi shekaru yana aiki da ita ko da kamfanin ya rushe. A 1999 aka kafa Salesforce da niyyar cewa ba za a miƙa wa kowa faifai ba, sai dai a shiga ta intanet a riƙa biya wata-wata. A 2006 Amazon ya fara ba da hayar wurin ajiyar bayanai da kuma hayar kwamfuta ta awa-awa, abin da aka sani yanzu da AWS. Microsoft ya fito da Office 365 a 2011. A 2013 Adobe, mai Photoshop, ya daina fitar da sabbin manyan manhajojinsa domin saye na dindindin, ya ce sai dai haya. Bayan Broadcom ya kammala sayen VMware a ƙarshen 2023, shi ma ya soke sayarwa ta dindindin, kuma kamfanoni da dama sun koka da yadda kuɗin da suke biya ya ninka.

Masu zuba jari suna son haya saboda kuɗinta ba ya yankewa, ana iya lissafa na baɗi tun bana. Shi ma mai amfani ya samu sauƙi na gaske, kuma bai kamata a musanta wannan ba. Matashin da ke da dabara amma ba shi da jari ba ya buƙatar sayen injuna, da ɗakin sanyaya su, da janareta, da ma'aikacin da zai kwana yana gadinsu. Da katin banki zai fara a yau, in kasuwa ta buɗe ya ƙara, in ta ƙi ya rufe. Wannan sauƙi ne ya sa a 2024 cinikin AWS ya haura dala biliyan 107, kuma fiye da rabin ribar da Amazon gaba ɗaya ya samu a ayyukansa a shekarar daga nan ta fito. Kamfanoni uku, Amazon da Microsoft da Google, su ke riƙe da fiye da kashi 60 cikin ɗari na wannan kasuwa a duniya.

To me suke bayarwa haya? Injuna nasu ne, wutar lantarki da wayoyi nasu ne, ƙwararrun da ke kula da su dare da rana su ke biyan su. Amma babban kason manhajar da ke kan injunan aikin wasu ne da suka sake shi kyauta. Abin ya yi kama da rijiyar da mutanen gari suka haƙa ta hanyar gayya, suka ce kowa ya sha. Sai mai tankoki ya zo, yana ɗiba yana kai wa mutane har ƙofar gida yana karɓar kuɗi. Bai saci komai ba, domin an ce kowa ya ɗiba, kuma masu saye suna biyan wahalar kai musu ne. Sai dai ranar yasar rijiya ba lallai a gan shi ba.

Kafar da aka bari a lasisi

Sharaɗin GPL ya rataya ne a kan rarrabawa. Wanda ya ajiye manhaja a kan kwamfutarsa, jama'a suna amfani da ita daga nesa, bai rarraba komai ba a idon doka, saboda haka ba dole ya bayyana gyaran da ya yi. An lura da wannan kafa, shi ya sa a 2007 aka fitar da lasisin AGPL, wanda ya ce ko ta intanet ka ba mutane damar amfani da manhajar da ka gyara, sai ka nuna musu gyaran. Amma manhajoji da yawa sun zaɓi lasisi masu sassauci da ba su da ko wannan sharaɗi, domin su yaɗu da sauri. Sun kuwa yaɗu, sannan suka ga wasu na cin kasuwarsu.

MongoDB, mai manhajar rumbun bayanai, shi ya fara ɗaukar babban mataki a Oktoban 2018. Ya ƙirƙiro lasisin SSPL, wanda ya ce duk mai ba da hayar manhajar sai ya buɗe dukkan sauran manhajojin da yake amfani da su wajen gudanar da hidimar. Ƙungiyar OSI, wadda tun 1998 take tantance lasisin da ya cancanci a kira buɗaɗɗe, ba ta amince da shi ba, kuma masu rarraba Linux irin su Debian da Fedora da Red Hat suka cire MongoDB daga kayan da suke rabawa. A Janairun 2019 Amazon ya fito da tasa hidimar mai suna DocumentDB, wadda aka tsara ta yadda masu amfani da MongoDB za su iya komawa kanta.

Elastic ya biyo baya a Janairun 2021. Tun 2015 Amazon ke ba da hayar Elasticsearch, manhajar bincike da Shay Banon ya ƙirƙiro, har da sunanta a jikin hidimar. Da Elastic ya canza lasisi, Amazon ya ɗauki tsohon rubutun ya kafa OpenSearch. A Agustan 2023 kamfanin HashiCorp ya yi wa manhajarsa Terraform irin wannan canji, masu amfani da ita suka ɓalle suka kafa OpenTofu a ƙarƙashin Gidauniyar Linux. Sai Redis a 2024.

Ina ganin ƙorafin waɗannan kamfanoni. Su ke biyan albashin yawancin masu rubuta manhajar, su ke amsa kuka in ta samu matsala, sannan su wayi gari babban abokin gasarsu yana sayar da aikinsu ga abokan cinikin da ya riga ya mallaka. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Duk wanda ya taɓa yin wahala wani ya ci ribarta ya san zafin abin.

Rufe ƙofa bai warkar da ciwon ba

Amma a duba sakamakon. An yi canjin ne domin a matsa wa manyan masu ba da haya su biya. Su kuwa suna da kuɗi da ma'aikatan da za su ɗauki tsohon rubutu su ci gaba da shi, kuma haka suka yi. Wanda abin ya fi shafa shi ne ƙaramin kamfanin da ya gina sana'arsa a kan manhajar, da ɗan sa-kai da ya kwashe shekaru yana gyara kurakurai a lokacin hutunsa bisa fahimtar cewa aikin na kowa ne. A Agustan 2024 Elastic ya dawo ya ƙara AGPL cikin lasisinsa. Redis ta yi haka a 2025, bayan Sanfilippo, wanda ya ajiye jagorancin aikin a 2020, ya koma kamfanin. HashiCorp kuwa IBM ne ya saye shi a kan dala biliyan 6.4.

Akwai masu cewa canjin ya biya buƙata, domin ya raba sunan kamfanin da hidimar abokan gasa, kuma MongoDB bai taɓa janye nasa ba, yana kuma ci gaba da bunƙasa. Gaskiya ne. Sai dai a tambaya daga ina kuɗin MongoDB ke fitowa. Fiye da rabin cinikinsa yanzu daga Atlas ne, hidimar hayar da shi da kansa ya buɗe tun 2016, kafin a canza lasisi. Abin da ya cece shi shi ne ya iya gudanar da manhajarsa fiye da kowa, mutane suka yarda su biya shi. Darasin ke nan da kasuwa ke maimaitawa: ana biyan wanda ya ɗauke wa mutum wahalar gudanarwa, da tsaro, da amsa kira da tsakar dare.

Abin da ya fi damuna shi ne batun amana. Kamfani ya saki manhaja kyauta domin ya tara jama'a, ya nuna wa masu zuba jari yawan masu amfani da ita ya karɓi kuɗi, ya sa masu gudummawa su sa hannu a takardar da ta ba shi ikon canza lasisi, sannan da ya ga kowa ya dogara da shi sai ya ja ƙofa. Doka ta ba shi dama, amma mutane ba sa mantuwa. Ko Red Hat, wanda ake kafa misali da shi, ya sha suka a Disambar 2020 lokacin da ya gajarta rayuwar CentOS, wata Linux wadda dubban hukumomi da jami'o'i suka dogara da ita kyauta, da kuma a Yunin 2023 da ya taƙaita hanyar samun rubutun manhajarsa. Daga wancan mataki na farko ne Rocky Linux da AlmaLinux suka samo asali.

A gefe guda, manhajojin da ba na kamfani ɗaya ba ne sun tsira daga wannan guguwa. Manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL ta samo asali daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma babu wani kamfani da zai tashi da safe ya canza mata lasisi. Google ya ƙirƙiro manhajar Kubernetes a 2014, ya miƙa ta ga wata gidauniya a 2015, abokan hamayyarsa suka saki jiki suka shigo, har ta zama abin da kowa ke amfani da shi. Saboda haka tambayar da mai hankali ke yi yanzu ta wuce ko manhaja buɗaɗɗiya ce. Yana tambaya wa ke da ikon rufe ta gobe.

Waɗanda ba a jin kukansu

Duk wannan hayaniya tsakanin masu kuɗi ce, kamfanin biliyoyi da kamfanin dubban biliyoyi. A ƙarƙashinsu akwai mutanen da ba su da lauya ko ofishin yaɗa labarai, kuma a kan wuyansu ginin ya tsaya.

A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke ɓoye sirrin bayanai tsakanin mutum da shafin bankinsa. A lokacin ne duniya ta ji cewa gudummawar kuɗin da aikin ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, kuma mutum ɗaya tak ke yin sa a matsayin cikakken aikinsa. A Disambar 2021 aka gano wata ɓarakar a Log4j, wadda ke cikin manhajojin bankuna da gwamnatoci da manyan kamfanoni ba adadi. 'Yan sa-kai ƙalilan ne suka hana idonsu barci suna toshe ta, yayin da kamfanonin da ba su taɓa ba su ko sisi ba ke aiko musu da saƙonnin neman bayani.

Mafi tayar da hankali ya faru a ƙarshen Maris na 2024, 'yan kwanaki bayan sanarwar Redis. Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata kwamfuta daga nesa na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda aka saba. Da ya bi diddigi sai ya tarar an dasa ɓoyayyar hanyar kutse a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse bayanai da ke cikin kusan kowace Linux. Mutum ɗaya ne ya daɗe yana kula da ita ba tare da albashi ba, har ya bayyana cewa ya gaji. Wani da ya kira kansa Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana taimaka masa, ya samu yardarsa, aka ba shi iko, sannan ya dasa mugun abin. Allah ne ya kiyaye aka gano kafin ya bazu. Gajiyar mutum ɗaya da aka bari shi kaɗai ta kusa buɗe wa ɓarayi ƙofar miliyoyin kwamfutoci.

Kamfanin da ke cinikin biliyoyi a kan aikin da mutum ɗaya ke yi da daddare bayan ya tashi daga wurin neman abincinsa ba shi da hujjar cewa lasisi bai wajabta masa biya ba. Abin da doka ba ta wajabta ba, adalci ya wajabta, kuma ko don tsaron dukiyarsa ya kamata ya biya.

Ɗan haya da ranar fita

Shi ma mai amfani yana da nasa haɗarin. A Oktoban 2019 Adobe ya sanar da cewa zai rufe asusun masu amfani da shi a Benezuwela saboda takunkumin gwamnatin Amurka. An janye matakin daga baya, amma masu zane da masu ɗaukar hoto na ƙasar sun ga yadda kayan sana'arsu ke iya ɓacewa da sa hannun wani a wata ƙasa. Da faifai suka saya, da babu mai iya shiga ɗakinsu ya karɓe. Haka kuma tattaruwar komai a hannun kamfanoni ƙalilan na nufin tuntuɓen ɗaya faɗuwar dubbai ne, kamar yadda aka gani a Oktoban 2025 lokacin da matsala a cibiyar AWS ta arewacin Bajiniya ta tsayar da hidimomi a sassan duniya na tsawon sa'o'i.

Mu ma abin bai bar mu ba. Yawancin wannan haya da dala ake lissafa ta. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura 1,500. Duk wani kamfanin Najeriya da ke karɓar naira yana biyan haya da dala ya ga kuɗin ya ninka sau uku ba tare da ya ƙara komai ba. Ranar 14 ga Maris na 2024 kuma, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi da dama sun kasa kaiwa ga bayanansu da ke ajiye a wasu ƙasashe. Zanen aro ba ya rufe katara.

Buɗaɗɗiyar manhaja ce ta ba mu wata hanyar. DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar gina ta, ita ce ma'aikatun lafiya na ƙasashe fiye da 70 ke tattara alƙaluman asibitoci da rigakafi da ita, ciki har da Najeriya da Nijar. Ƙasa na iya ɗora ta a kan kwamfutocinta, 'ya'yanta su koyi cikinta su gyara ta. Wannan dama ta dogara ne da ci gaba da wanzuwar buɗaɗɗiyar manhaja mai lafiya, shi ya sa rigimar Redis da Amazon ta shafi ma'aikacin lafiya a Katsina ko Maraɗi ko da bai taɓa jin sunayensu ba.

Ba ina kira a guje wa haya ba ne. Ga mai fama da ƙarancin wuta da tsadar man janareta, sau da yawa haya ta fi arha da aminci. Amma lissafi ne da ya kamata a riƙa sabuntawa. Kamfanin 37signals na Amurka ya bayyana cewa ya kashe dala miliyan 3.2 a kan haya a 2022, ya sayi injunansa ya kwashe yawancin ayyukansa a 2023. Ya iya yin haka ne domin tubalan da ya yi gini da su buɗaɗɗu ne, ana iya ɗaukar su a kai ko'ina.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, manyan masu ba da haya su mayar da tallafa wa manhajojin da suke cin moriya wani ɓangare na kuɗin gudanarwa, kamar kuɗin wuta. Gaskiya ne suna da ma'aikata masu ba da gudummawa ga Linux da Kubernetes da makamantansu, amma taimakon yana tafiya ne inda suke da buƙata ta kusa, ƙananan ayyuka irin xz kuwa a bar su da Allah. Gwamnatoci ma suna da rawar takawa. A 2022 Jamus ta kafa asusu na musamman da ke biyan masu kula da irin waɗannan manhajoji, bisa fahimtar cewa su ma kayan more rayuwa ne na jama'a. Ya dace wasu ƙasashe su yi koyi.

Na biyu, mai kafa kamfani ya faɗi gaskiya tun ranar farko. In yana son kariya daga masu ba da haya, ya zaɓi AGPL ko ya fito fili ya ce manhajarsa ta kasuwanci ce. Babu laifi a sayar da abin da mutum ya yi wahalarsa. Laifin yana wurin tara jama'a da alkawari a warware shi bayan sun saki jiki.

Na uku, a kare 'yancin fita. Shekaru da dama masu ba da haya suna barin mutum ya shigar da bayanansa kyauta, in zai fitar kuma a caje shi. Da Tarayyar Turai ta kafa dokar bayanai da ta tilasta sauƙaƙa sauya mai hidima, sai ga Google a Janairun 2024, sannan Amazon da Microsoft a Maris, sun yafe wannan kuɗi ga mai son barin su. Ashe abin mai yiwuwa ne, matsin doka kawai ake jira. Hukumominmu da ke sa hannu a kwangilolin manhaja su sa wannan sharaɗi a rubuce: bayananmu namu ne, za a ba mu su a tsarin da kowace manhaja ke iya karantawa, ba tare da tara ba.

Ga shugaban makaranta, da mai asibiti, da jami'in gwamnati, da matashin da ke shirin kafa kamfani, kafin ku ɗora aikinku a kan kowace manhaja ko hidima ku nemi amsar tambayoyi uku. Wa ke da ikon canza sharuɗɗanta? Wa ke biyan masu kula da ita? In kuka so tashi, kwana nawa da naira nawa zai ci ku? Duk mai sayarwar da ya kasa ba ku amsa a rubuce, kada ku miƙa masa bayanan jama'arku.